Wane Littafi Ne Zai Ɗauki Kundinka? Kwatancen Ƙagaggun Labarai Shida Kan Zama Bare, Asali, Jinsi Da Gudun Hijira

Ɗalibin adabi da ya kai ajin ƙarshe a jami'a, ko wanda ya shiga digiri na biyu, sau da yawa take yake fara samu kafin littafi. Sai ya rubuta cewa zai nazarci zama bare da asali da jinsi da gudun hijira a adabin bayan mulkin mallaka, sashe ya amince, sannan ya shiga neman labarin da zai ɗora wa wannan kaya. To, da wuya a sami littafi guda da ya riƙe jigogin nan huɗu da ƙarfi iri ɗaya. Wani ya ƙware a zancen mace da aure, amma tafiyar da ke cikinsa ta ganin dama ce, babu wanda aka kora. Wani kuma gudun hijira ne tsantsa, amma matan cikinsa ba su da baki. Wanda bai lura da haka da wuri ba, sai ya kai babi na huɗu zai ga hujja ta ƙare masa.

Littattafai shida za a auna a nan: Season of Migration to the North na Tayeb Salih, da Second Class Citizen na Buchi Emecheta, da Minaret na Leila Aboulela, da By the Sea na Abdulrazak Gurnah, da Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie, da Le Ventre de l'Atlantique na Fatou Diome.

Ma'aunai biyar

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne irin barin gidan da ke cikin labarin. Hausa ta riga ta raba abin da ɗalibai ke cakuɗawa. Ɗan ci-rani daban, wanda ya yi ƙaura daban, wanda ya tafi neman ilimi daban, ɗan gudun hijira daban. Ɗan ci-rani ya san da faɗuwar damina zai koma. Ɗan gudun hijira kuwa rufe masa ƙofa aka yi. Mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, waɗanda ragowarsu bayan yaƙin Burmi suka kai har Sudan suka zauna a Mai Wurno, ba ci-rani suka je ba. Edward Said ya yi irin wannan rarrabewa a maƙalarsa "Reflections on Exile", inda ya bambanta wanda aka kora da ɗan neman mafaka da wanda ya zaɓi zama a wata ƙasa. Haka ma baƙo da bare ba ɗaya ba ne. Baƙo karrama shi ake yi, har ana cewa baƙonka Annabinka. Bare kuwa ware shi ake yi ko da ya shekara arba'in a gari. Abin da ra'in bayan mulkin mallaka ke bi shi ne yadda ake mayar da mutum bare, da wanda ke da ikon yin hakan. Ka warware waɗannan kalmomi tun a babi na ɗaya, har da "asali", domin a bakin Bahaushe tushe take nufi, alhali manazarta suna nufin yadda mutum ke ɗaukar kansa da yadda ake ɗaukarsa.

Na biyu kuɗi da samuwa. Farashi yana sauyawa da canjin dala, don haka abin lura shi ne: an buga littafin a gida, ko daga waje za a shigo da shi? Na uku ƙarko, wato nisan da littafin zai raka ka: kundin digiri na farko kaɗai zai iya ɗauka, ko zai kai ka na biyu da na uku ba tare da ka shiga maimaita kanka ba? Na huɗu sauƙi: harshe, da tsawo, da zubi da tsari, da yawan tarihin da sai ka sani kafin ka fahimci labarin. Na biyar haɗari: dogaro da fassara, wuraren da suka taɓa kwanciya, cunkoson ayyukan da aka riga aka yi, da ɗora wa littafi ra'in da bai dace da shi ba.

Season of Migration to the North

Da Larabci aka rubuta shi, ya fito a 1966 da sunan Mausimul Hijra ilash Shamal, Denys Johnson-Davies ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1969 cikin jerin African Writers Series na kamfanin Heinemann. Mai ba da labarin, wanda ba a faɗi sunansa ba, ya dawo ƙauyensu a gaɓar Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai, ya tarar da wani baƙo ya zauna ya yi aure, mai suna Mustafa Sa'id. An haifi Mustafa a 1898, shekarar da sojojin Kitchener suka ci Omdurman. Ƙwazonsa a makarantar Turawa ya kai shi Alƙahira, ya kai shi Landan, ya zama malamin tattalin arziki. A can ya riƙa jawo matan Ingila ta hanyar sayar musu da Afirka da Gabas ɗin da suke mafarki: turare, da hamada, da labaran da ya san ƙarya ne. Uku daga cikinsu sun kashe kansu, matarsa Jean Morris kuma shi ya kashe ta, aka ɗaure shi shekara bakwai.

Wajen zama bare, babu na biyunsa a cikin shidan nan. Abin da Said ya yi bayani a Orientalism a 1978, wato yadda Turai ta ƙera wa kanta hoton mutumin Gabas, Salih ya riga ya nuna shi cikin labari shekara goma sha biyu kafin nan, ya kuma ƙara da tambaya mai zafi: me ke faruwa idan wanda aka yi wa hoton ya ɗauke shi ya mayar da shi makami? Sai dai hijirar da ke taken ba ta wanda aka kora ba ce. Mustafa kallon mai kai farmaki yake wa kansa. In takenka gudun hijira ne zalla, wannan littafi zai ba ka wuya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a Landan a manta da ƙauye. Bayan ɓacewar Mustafa, an tilasta wa matarsa Husna bint Mahmud auren tsoho Wad Rayyis, bayan ta faɗa ƙarara cewa ba ta so. Ta kashe shi ta kashe kanta, ƙauye ya rufe maganar. Kundin da ya yi zancen jinsi bai ajiye mutuwar Husna kusa da ta Jean Morris ba, rabin littafin ya karanta. A nan ne ma tambayar Gayatri Spivak ta 1988, ko wanda aka danne yana iya magana a ji shi, take samun gurbi na gaskiya.

Bai kai shafi 200 ba, amma gajartarsa kada ta ruɗe ka. Lokaci yana kai da komowa, muryar Mustafa tana shiga cikin ta mai ba da labari har ka rasa wa ke magana, don haka sai an karanta aƙalla sau uku. Kuɗinsa matsakaici ne. Akwai bugun Heinemann da na Penguin da na kamfanin New York Review Books, kuma lambobin shafinsu ba ɗaya ba ne, saboda haka ka riƙe bugu guda daga farko har ƙarshe. Ƙarkonsa kuwa har digiri na uku. Haɗarinsa biyu. Akwai hirar tsofaffi da Bint Majzub, wata tsohuwar ƙauyen, da wurin kisan Jean Morris, waɗanda ke maganar kwanciya ba sakayawa, har an taɓa hana littafin a Sudan. Ka nuna wa malamin da ke duba aikinka waɗannan shafuka tun kafin a amince da take. Na biyu, in fassara kaɗai ka karanta, ba ka da hurumin yanke hukunci kan salon harshen Salih, domin kalmomin Johnson-Davies ne a gabanka. Wanda ya iya Larabci yana da babban rabo a nan: ya ajiye matani biyu gefe da gefe ya duba abin da ya sauya. Kwatanta shi da Heart of Darkness na Joseph Conrad ko Othello na Shakespeare kuwa hanya ce da aka tattake sosai.

Second Class Citizen

Ya fito a 1974. Adah, 'yar ƙabilar Ibo da ta tashi a Legas, ta yi faɗi-tashi ta sami ilimi, ta bi mijinta Francis zuwa Landan a farkon shekarun 1960. Ita ke aiki a laburare tana ciyar da gida, shi yana faɗuwa jarrabawa. A waje masu gidajen haya ba sa son baƙar fata, a ɗaki miji yana duka. Da ta rubuta littafinta na farko, ya ƙone shi. Wariya biyu ce a kan mutum ɗaya, kuma Emecheta ta shimfiɗa ta a fili.

Shi ne mafi araha da sauƙin samu, domin ya kasance cikin manhajar adabi ta WAEC daga 2021 zuwa 2025, ya cika kasuwa. Wannan arahar ce kuma tarkonsa. Bugun jabu ya yi yawa, wani da shafuka a tsallake, wani da lambobin shafi da ba su dace da na kowa ba. Ka ƙirga babi ka duba ƙarshen kowanne kafin ka biya. Intanet kuma cike take da taƙaitattun bayanai na 'yan sakandare, waɗanda mai jarrabawa na waje yake gane ƙamshinsu daga sakin layi na farko. Labarin miƙaƙƙe ne, Ingilishinsa mai sauƙi, ana gama shi a kwana biyu. Ka kiyayi mayar da Adah ta zama Emecheta kanta. Gaskiya ne rayuwarsu ta yi kama sosai, amma kundin tarke ba tarihin marubuciya ba ne. Ka kuma tuna ita da bakinta ta ce in za a kira ta 'yar ra'in matantaka, to a rubuta kalmar "feminist" ɗin da ƙaramin "f". Ayyukan Molara Ogundipe-Leslie da Obioma Nnaemeka sun fi dacewa da ita a kan ra'o'in da aka gina kan rayuwar matan Turai. Shi kaɗai ya isa digiri na farko. A na biyu sai an haɗa shi da In the Ditch na 1972, wanda ya riga shi fitowa amma ci gaban labarin Adah ne.

Minaret

Leila Aboulela ta tashi a Khartum, ta koma Aberdeen a 1990, kuma ita ce ta fara cin kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2000. Minaret ya fito a 2005. Najwa 'yar babban jami'in gwamnati ce, tana jami'ar Khartum, gidansu cike da barori. Aka yi juyin mulki, aka kashe mahaifinta, ita da mahaifiyarta da tagwaininta Omar suka gudu Landan. Dukiya ta ƙare, uwa ta rasu, Omar ya faɗa shaye-shaye ya ƙare a kurkuku, Najwa ta zama 'yar aiki a gidan wasu Larabawa masu kuɗi. A tsakanin haka ta soma zuwa masallacin Regent's Park, ta sa hijabi, ta sami natsuwar da ba ta taɓa samu ba lokacin da take da komai.

A ganina, cikin shidan nan shi ne ya fi kusa da riƙe jigogin huɗu gaba ɗaya. Gudun hijirar na gaske ne, domin babu gidan komawa. Zama bare yana zuwa mata ta fuska biyu: samari a motar haya suna zaginta saboda hijabi, uwar ɗakinta kuma, Musulma irinta, ba ta ganinta a matsayin mutum. Wannan na biyun ɗalibai kan tsallake, alhali a nan ne zancen matsayi da dukiya yake. Batun asali kuwa an faɗe shi baki da baki a hirarta da Tamer, ƙanen uwar ɗakin da soyayya ta shiga tsakaninsu, inda ta ce a da 'yar Sudan take jin kanta, yanzu Musulma kawai take ɗaukar kanta.

Harshensa mai sauƙi ne, babobinsa gajeru, sai dai labarin yana tsalle tsakanin Khartum ta 1984 da Landan ta wajen 1990 da ta 2003, don haka ka zana wa kanka jadawalin shekaru. Yawanci daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa ya fi na Emecheta nesa. Ba shi da wuraren da za ka ji nauyin karantawa a gaban malamai, ko da yake akwai alaƙar Najwa da saurayinta Anwar ba aure, wadda ita ce tushen nadamarta.

Haɗarinsa a ra'i yake, kuma rami biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wanda ya zo da ra'in da ke auna 'yancin mace da yawan abin da ta yi wa tawaye, zai karanta hijabin Najwa a matsayin faɗuwa, ya yi ta faɗa da matanin har ƙarshe. Wanda kuma labarin ya yi wa daɗi saboda addininsa, sai ya rubuta wa'azi maimakon tarke, ya ƙi ganin cewa Najwa ta ƙare ba miji, ba ƙasa, ta karɓi kuɗi daga mahaifiyar Tamer don ta rabu da shi, da niyyar zuwa Hajji da kuɗin. Ƙarshen nan ba nasara ce tsantsa ba, ba kuma asara ce tsantsa ba, kundi mai kyau a kansa yake tsayawa. Littafin Saba Mahmood, Politics of Piety na 2005, kan matan da ke karatu a masallatan Alƙahira, shi ne makamin da ya fi taimakawa, domin ya nuna yadda miƙa wuya ga Allah kan zama zaɓin da mace ta yi da hankalinta. Don digiri na biyu, a haɗa shi da The Translator na 1999.

By the Sea

Gurnah ɗan Zanzibar ne, an haife shi a 1948, ya bar tsibirin bayan juyin juya halin 1964, ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980, ya ci kyautar Nobel a 2021. By the Sea ya fito a 2001. Wani dattijo, Saleh Omar, ya sauka a filin jirgin Gatwick da fasfo mai sunan wani, Rajab Shaaban Mahmud, yana neman mafaka, yana nuna bai iya Ingilishi ba alhali ya iya. Abu mai daraja ɗaya da ya zo da shi, ɗan akwatin turaren itace, jami'in shige da fice ya karɓe. Da aka nemo masa tafinta, sai aka dace da Latif Mahmud, malamin jami'a a Landan, ɗan ainihin mai sunan, wanda ke ganin Saleh ne ya raba su da gidansu.

In gudun hijira ne ainihin abin da ya dame ka, ga littafinka. Ya nuna yadda hukuma ke son ɗan neman mafaka ya zo da labari iri ɗaya, gajere, mai ban tausayi, da yadda shiru da sunan aro kan zama garkuwa. Ya kuma ƙi yarda a ɗora komai a kan Bature. Abin da ya kori Saleh bashi ne, da rigimar gado, da gabar maƙwabta, da gwamnatin 'yan ƙasa da ta tsare shi shekaru. Ɗalibin da ya zo da awo guda, mai mulkin mallaka a sama wanda aka mallaka a ƙasa, zai ga labarin ya ƙi shiga.

Shi ne mafi wuya. Tafiyarsa a hankali take, babobinsa dogaye, mutum biyu ne ke ba da labari kuma ba su yarda da juna ba. Sai ka san cinikin tekun Indiya da iskar da ke kawo jiragen ruwa, da sarautar Larabawan Oman, da samun 'yanci a Disamba 1963, da juyin Janairu 1964, da haɗewa da Tanganyika a Afrilun wannan shekara. Ka ware mako biyu don tarihin kaɗai. Yana cikin masu tsada. Rauninsa a jinsi yake: mata ta bakin maza kawai ake jin su. Amma ga mai son nazarin mazantaka da kunya da zubewar girman uba, akwai abin faɗa da yawa, har da batun ɗan kasuwar Bafarishe da ya lalata ɗan mai masaukinsa, wanda shi ma ya kamata malami ya san da shi tun farko. Ba a cika yin aiki a kansa ba kamar Adichie, ƙarkonsa kuma ya kai na Salih.

Americanah da Le Ventre de l'Atlantique

Americanah na 2013 ya haura shafi 450 amma yana karantuwa kamar ruwa, kuma an yi masa bugun Nijeriya a kamfanin Farafina, don haka samunsa ba wuya. Ifemelu ta yi shekara goma sha uku a Amurka, inda ta gane cewa sai da ta je can ta zama "baƙa". Gashi, da karin harshe, da soyayya da Bature da Baƙin Amurka, duk suna nan. Amma ba gudun hijira ba ne. Littafin da kansa ya ce mutanensa ba yaƙi ko yunwa suka guda ba, rashin zaɓi suka guda, Ifemelu kuma ta koma Legas don kanta. Babban haɗarinsa cunkoso. Zancen gashi da launin fata an yi shi har ya gaji, kuma na'urar binciken satar fasaha za ta yi ta nuna kamanni ko da ba ka kwafa ba. In dole shi kake so, ka bi Obinze, saurayin Ifemelu na farko, a Landan, yana aiki da lambar shaidar aiki ta wani, aka kama shi ranar auren takarda aka mayar da shi gida. Ko ka bi Dike, ɗan gwaggon Ifemelu, yaron da ya tashi bai san ko shi wane ne ba.

Littafin Diome ya fito da Faransanci a 2003, fassararsa ta Ingilishi, The Belly of the Atlantic, a 2006. Salie tana Strasbourg, ƙanenta Madické yana tsibirin Niodior a Senegal, ba shi da buri sai ya je Turai ya buga ƙwallo kamar Maldini, ɗan wasan Italiya. Yawancin labarin a waya yake gudana: ita tana ƙoƙarin faɗa masa gaskiyar zaman Faransa, shi yana ganin rowa take masa. Shi kaɗai ne cikin shidan ya ba waɗanda aka bari a gida rabin fili, ya nuna yadda wanda ya dawo hutu da kaya ke ɓoye wahalarsa, da yadda wanda ya dawo hannu rabbana ke rasa wurin zama. Salie kuma tun a tsibirin bare ce, domin ba ta hanyar aure aka haife ta ba. Ga ɗalibi a Yamai ko Damagaram, wanda Faransanci ne harshen karatunsa kuma ya san abin da hanyar Agadas ke ci, ya fi sauran kusa. A Nijeriya fassarar tana da wuyar samu, salon Diome kuma cike yake da habaici da wasa da kalma waɗanda fassara ke ragewa.

| Littafi | Irin tafiya | Jigo mafi ƙarfi | Kuɗi da samuwa | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Season of Migration, 1966 | Neman ilimi da dawowa | Zama bare, jinsi | Matsakaici | Har digiri na uku | Gajere, mai sarƙaƙiya | Fassara, maganar kwanciya |
| Second Class Citizen, 1974 | Ƙaura bin miji | Jinsi | Araha ƙwarai | Digiri na farko | Mai sauƙi | Bugun jabu, nazari sama-sama |
| Minaret, 2005 | Gudun hijira | Asali, addini, jinsi | Da ɗan tsada | Har na biyu | Mai sauƙi | Ra'in da bai dace ba |
| By the Sea, 2001 | Neman mafaka | Gudun hijira | Mai tsada | Har na uku | Mai wuya | Nauyin tarihi, ƙarancin muryar mata |
| Americanah, 2013 | Ƙaura ta zaɓi | Launin fata, asali | Matsakaici, yana samuwa | Har na biyu | Dogo, mai sauƙi | Cunkoson ayyuka |
| Le Ventre de l'Atlantique, 2003 | Ci-rani mai nisa | Gida da waje | Ya danganta da ƙasa | Har na biyu | Matsakaici | Harshe da fassara |

Gwaji kafin ka miƙa take

Ka karanta littafin sau ɗaya ba biro a hannu. A karo na biyu ka buɗe shafi huɗu a littafin rubutu, kowane jigo da nasa, duk inda ka ga wurin da za ka iya kafa hujja da shi ka rubuta lambar shafi da jimla ɗaya ta abin da ya faru. Jigon da bai tara wuri goma ba, cire shi daga take, komai daɗinsa a baki. Sannan ka nemi maƙalu biyar na mujallun ilimi a kan littafin. In ba ka sami uku ba, bitar ayyukan da suka gabata za ta wahalar da kai. In kuwa duk biyar ɗin sun faɗi abin da kake shirin faɗa, ka sauya kusurwa. Aikin mako guda ne. A digiri na farko littafi ɗaya ya isa, biyu shi ne iyaka.

Wa ya dace da wanne

Mai digiri na farko da kuɗi suka yi wa kaɗan, lokaci kuma ya ƙure, ya ɗauki Second Class Citizen, ya tsaya kan jinsi da wariya, ya cire gudun hijira daga takensa. Wadda ke son yin magana kan mace Musulma a ƙasar da ba tata ba, ba tare da an tilasta mata zaɓi tsakanin addininta da iliminta ba, Minaret ne nata, kuma shi zan fara ba duk wanda ya nace sai ya riƙe jigogin huɗu. Wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi kada ya bar Salih ya wuce shi, in dai malaminsa ya ga shafukan nan ya amince. Mai niyyar zarcewa har digiri na uku, mai haƙurin karatun tarihi, ya kama Gurnah tun yanzu.

Mai digiri na biyu da ke son haɗa biyu, Salih da Aboulela sun fi kowa dacewa: ƙasa ɗaya, birni ɗaya na baƙunta, namiji da ya je da niyyar ramuwa da mace da ta je neman tsira, shekara talatin da tara tsakanin littattafan. Emecheta da Adichie ma suna haɗuwa, in ana son ganin abin da ya sauya a tafiyar 'yar Nijeriya waje daga 1974 zuwa 2013. Ɗalibin sashen Faransanci ya riƙe Diome, ya haɗa ta da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane na 1961 in yana son tsohon tushe. Wanda ke sashen Hausa kuma yake son aikin kwatance, ya duba Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kusa da Paradise na Gurnah na 1994: yaro ne a kowanne, an raba shi da iyayensa, ya tashi a hannun wani ya bi ayarin fatake, ɗaya ta hamada ɗaya ta cikin gabashin Afirka.